Ƙera mutum-mutumi mai tafiya da kansa da kuɗi kaɗan domin koyarwa a jihar Maradi

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda ake harhaɗa ƙaramin mutum-mutumi mai tafiya da kansa, da abin da ya kamata a lura da shi idan za a koyar da shi a makarantun sakandare na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Abin da muke nufi da mutum-mutumi a nan shi ne na'ura mai ƙafafun taya wadda take jin abin da ke gabanta, ta yanke shawara, ta motsa, ba tare da wani yana tuƙa ta ba. Tun da aka buɗe jami'ar Maradi a 2010, akwai inda za a horar da malaman wannan fanni kusa da gida. Matsalar da ta rage ita ce tsadar kayan aiki.

2. Tushen tunanin

A 1948 da 1949, Grey Walter ya ƙera wasu "kunkuru" biyu a Bristol ta Ingila, masu bin haske suna kauce wa cikas da ƴan kayan lantarki ƙalilan. A 2012 kuma, ƙungiyar AFRON, wadda Ayorkor Korsah ta jami'ar Ashesi a Gana da Ken Goldberg na jami'ar Berkeley a Amurka suka kafa, ta shirya gasar ƙera mutum-mutumi na dalar Amurka 10. Daga cikin waɗanda suka ci har da wanda Tom Tilley ya yi da abin sarrafa wasan bidiyo da alewa biyu, kuɗinsa bai kai dala 9 ba. Wannan ya nuna cewa ƙarancin kuɗi ba ya hana koyarwa.

3. Sassan na'urar

Sassa huɗu ake bukata. Na farko ƙwaƙwalwa: allon Arduino Uno, mai ɗauke da guntun ATmega328P, wanda yake aiki da volt 5. Na biyu abin motsi: ƙananan injuna biyu, kowane da tayarsa, da taya ta uku maras inji domin daidaito. Idan tayoyin biyu suka juya daidai, na'urar ta miƙe. Idan ɗaya ta fi sauri, sai ta karkata. Da yake allon ba ya iya ba injuna isasshiyar wuta, ana sa guntu irin L298N a tsakani, amma yana cin kusan volt 2. Na uku abin ji: HC-SR04, wanda yake aika sauti mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, ya auna lokacin dawowar amsa-kuwwa, daga santimita 2 zuwa mita 4. Na huɗu batir: biyu samfurin 18650, masu volt 3.7 kowane, waɗanda ake cirowa daga tsohon batirin kwamfuta. Gangar jikin kuwa, katako ko kwali mai kauri ya wadatar, kuma kafinta na gari zai iya yanka shi.

4. Abin da yanayin wurin yake sauyawa

Yawancin littattafan koyarwa suna ɗaukar cewa sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, wato a zafin digiri 20. A watannin Afrilu da Mayu zafi a jihar Maradi yakan wuce digiri 40, inda gudun sauti yake kai mita 355. Ke nan bangon da yake nisan mita 1, na'urar za ta lissafa shi kusan santimita 97. Malami zai iya mai da wannan kuskure darasi: ɗalibai su auna da safe da kuma azahar, su gano dalilin bambancin, su gyara lissafin da kansu.

Akwai wasu abubuwa uku. Hasken rana mai ƙarfi yana rikita abin jin da ake bin layi da shi, don haka a yi gwajin cikin ɗaki. Ƙurar hunturu tana shiga haƙoran injuna, sai a rufe su. Batirin lithium kuma ba ya son zafi: kada a bar shi a rana, kada a yi masa caji ba tare da allon kariya ba, domin yana iya kama wuta. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, ƙaramin faifan hasken rana ya isa cajinsa.

5. Kammalawa

Garuruwan uku duk suna kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta haɗa su da Maradi, don haka kai kayan gyara ba shi da wuya. Shawararmu ita ce kowane ɗalibi mai shirin zama malamin kimiyya ya harhaɗa na'ura ɗaya da hannunsa kafin ya gama karatu, ya rubuta bayaninta da Hausa da Faransanci, ya tafi da ita makarantar da aka tura shi. Aikin da ya rage wa masana harshe shi ne daidaita kalmomin fannin, domin kada kowane malami ya ƙirƙiro nasa.