Zaizayar Ƙasa a Wuraren Gini: Abin da Doka ta Ɗora wa Mai Gini a Tirwun

Tirwun tsohon gari ne a arewa maso gabashin birnin Bauchi, kuma masana tarihi sun ce a nan ne aka haifi Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin na Bauchi. A da gonaki ne suka raba garin da birni. Amma tun daga shekarar 1976, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi aka mai da Bauchi hedkwatarta, birni ya yi ta bunƙasa yana cin gonakin da ke kewaye da shi. Yau wanda ya bi ta Tirwun zai ga filaye an yanka su fuloti-fuloti, ga tarin yashi da tsakuwa a bakin hanya, ga harsashin gidaje ana haƙawa. Wannan ci gaba ne, abin farin ciki kuwa. Sai dai akwai wata ɓarna da ke tafe tare da shi, wadda ba a cika lura da ita ba sai damina ta faɗi, watau zaizayar ƙasa a wuraren gini, da lakar da ruwa ke kwasa daga can ya kai wa waɗansu. An ɗauki Tirwun misali ne kawai, gama abin da ke aukuwa a can shi ne ke aukuwa a gefen kowane birni mai tasowa a Nijeriya.

Yadda ruwa ke kwashe ƙasa

Muddin ƙasa tana da ciyawa da itatuwa a kanta, to, tana da sutura. Ganye yakan tare ɗigon ruwa ya rage masa ƙarfi, saiwa takan riƙe ƙasa, ruwan kuma ya sami damar nutsewa sannu a hankali. Abin da mai gini ke fara yi kuwa shi ne ya tuɓe wa ƙasa wannan sutura. A sare itatuwa, a kankare ciyawa, wani lokaci ma a kawo katafila ta ture ƙasar sama ɗungum. Daga nan sai tifa ta riƙa shiga da fita tana danne wurin har ya yi tauri kamar daɓe, ruwa ya kasa ratsa shi. Ruwan da bai nutse ba dole ya gudu, in zai gudu kuwa ba ya tafiya hannu wofi.

Ya kamata mai karatu ya san yawan ruwan da ake magana a kansa. A Bauchi akan sami ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin watan Mayu da na Satumba, ya fi tsanani kuma a lokacin marka, cikin Yuli da Agusta. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, irin wanda aka saba yankawa, ya kai murabba'in mita 450. Ashe ke nan a shekara ɗaya lita 450,000 ke sauka a kan fuloti guda, watau duro 2,250 na mai lita 200. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 40 a dare ɗaya, duro 90 ne suka zuba a wannan fuloti kaɗai. Idan wurin a kankare yake, mafi yawan wannan ruwa zai fita ne ta wajen da ya fi gangare, ya haɗu da na maƙwabta.

Ƙasar Bauchi kuwa ƙasa ce mai duwatsu da tuddai, ga Dutsen Warinje da 'yan'uwansa sun sa birnin a tsakiya, don haka gangare ba ya wuya. Ruwa a kan gangare sauri yake ƙarawa, kuma in saurinsa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake bugun ƙasa da shi yakan ninka sau huɗu. Da fari ɗan siririn layi ne zai bayyana, wanda yaro zai tsallake. Damina biyu ko uku sai ya zama kwari, kwarin kuma ya riƙa cin kansa yana hawa tudu, har ya iso gindin katanga. Mutanen Gombe sun san abin da kwari ke yi wa unguwa, haka nan mutanen Nanka da Agulu a Jihar Anambra, inda kwazazzabai suka haɗiye gidaje da gonaki. Ƙasar sama da ruwa ke kwashewa cikin sa'a ɗaya, sai an yi shekaru ɗaruruwa kafin inci ɗaya nata ya sake samuwa.

Lakar da ta bar fuloti ba ɓacewa take yi ba. Yashi da tsakuwa, da yake suna da nauyi, su ne ke fara kwantawa, a cikin lambatu da bakin kwalbati. Da zarar kwalbati ya toshe sai ruwa ya hau kan titi, ya ci gefen kwalta, ya shiga gidajen da ke kwari. Sau da yawa akan ga mutumin da gidansa ya shekara ashirin ruwa bai taɓa shigarsa ba, rana ɗaya ya wayi gari da taɓo a tsakar gida, alhali ba ruwan sama ne ya ƙaru ba, wani ne ya kankare fili a samansa. Laka mai laushi ita kuma takan yi nisa, ta bi ƙorama ta rufe shukar masu lambu a fadama. Wani sashe na ruwan da ke sauka a Bauchi da kewaye yana bin rafuka ne zuwa madatsar ruwa ta Gubi, wadda birnin ke sha daga gare ta. Duk lakar da ta kwanta a gindin madatsa ta ci wurin ruwa ke nan, wadda ta rage tana yawo a ciki kuma sai an ƙara kashe kuɗin alif da magani kafin ruwan ya shawu.

Dokokin da suka shafi wannan al'amari

Tushen maganar shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana domin jama'a. Wanda ya riƙe takardar fili yana da haƙƙin zama da amfani, amma takardar ba ta ba shi ikon cutar da na kusa da shi ba. A 1988, bayan da aka gano gubar da aka jibge a garin Koko, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta farko. A 1992 aka fito da dokoki biyu masu muhimmanci: Doka ta 86, wadda ta wajabta a binciki illar da babban aiki zai yi wa muhalli tun kafin a soma shi, da Doka ta 88 ta tsara birane, wadda ta ce kada a yi gini sai da izini, ta kuma ba hukuma ikon tsai da aiki, ko ma rushe abin da aka gina ba bisa ƙa'ida ba. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin ta tabbatar ana bin ƙa'idodin muhalli.

A ƙarƙashin wannan hukuma ne aka fito da ƙa'idodi biyu a 2011 waɗanda suka fi kusa da batun nan. Ɗaya ta shafi hana zaizayar ƙasa da ambaliya, ɗaya kuma ta shafi sana'ar gine-gine. Manufarsu a taƙaice ita ce, duk wanda zai taɓa ƙasa da haƙa ko kankara ko cikowa, shi ke da alhakin shirya yadda ƙasar ba za ta zaizaye ba, da yadda zai bi da ruwan sama da shara da ƙurar wurin aikinsa. Watau nauyin yana kan wanda ya tada ƙasa ne, ba kan wanda laka ta sauka a ƙofar gidansa ba.

Amma fa akwai wani giɓi da ya kamata a faɗa a fili. Binciken da Doka ta 86 ta wajabta domin manyan ayyuka ne, kamar hanyoyi da madatsun ruwa, da rukunin gidaje da ya kai hekta 50. Hekta 50 kuwa ta ɗauki fuloti fiye da dubu. To, in mutum dubu suka sayi fuloti ɗai-ɗai, kowa ya kankare nasa, an tuɓe ƙasa daidai da ta babban aiki ke nan, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da wannan bincike ya hau kansa. Haka unguwanni irin na gefen Tirwun ke tasowa. Saboda haka abin da ke tsare su shi ne izinin gini na jiha. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. A Bauchi, wanda zai yi gini yakan kai zanen gininsa ga Hukumar Raya Birane ta jiha, ita ce ke duba ko filin yana kan hanyar ruwa, da tazarar da za a bari tsakanin gini da titi ko rafi. Hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA, ita ke lura da tsabta da magudanun ruwa. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan izini tamkar wata hanyar karɓar kuɗi ce kawai, su fara gini su ce sa nema daga baya. Kuskure ne babba, gama jami'in da ya ga taswirar unguwa duka ya san inda ruwa ke bi, mai fuloti kuwa iyakar filinsa kaɗai ya sani, galibi ma da rani ya saye shi.

Abin da ake bukata a wurin aiki

Mafi yawan abin da ake nema ga mai ƙaramin gini ba ya cin kuɗi, lura yake ci. Kafin a sa diga, a je a ga filin bayan an ɗauke ruwa, ko a tambayi manomin da ya noma shi, a san ta ina ruwa ke shiga, ta ina yake fita. Wannan hanya ta ruwa ba a toshe ta da katanga. Wanda ya toshe ta bai kori ruwan ba, ya juya shi ne kan maƙwabci, ko kuwa ruwan ya haƙe gindin katangar ya kayar da ita.

Kada a kankare fili duka alhali kusurwa ɗaya za a gina bana. A share inda harsashi zai zauna da inda za a ajiye kaya, sauran a bar masa ciyawarsa da itatuwansa. Haƙa da cikowa an fi so a yi su da rani, a gama kafin ruwan farko. Ƙasar sama da aka ɗebe a tara ta gefe ɗaya a kan tudu, domin ita za a mayar a yi shuka in an gama.

Tarin yashi shi ne babban mai laifi a cikin unguwa. Direban tifa yakan juye shi inda ya fi masa sauƙi, watau bakin titi, sau da yawa ma a kan lambatu. Ruwa ɗaya sai ya tafi da kashi mai yawa, mai gini ya yi asarar kuɗinsa, unguwa kuma ta sami toshewar magudana. A sa a juye yashi a cikin fuloti, a kewaye shi da bulo jeri ɗaya ko biyu, a rufe da tamfol in da hali. Haka nan ba a wanke kwanon siminti da shebur a cikin lambatu, domin siminti yakan daskare a can.

A gefen da ruwa ke fita, a yi shinge mai tace laka. Manoman ƙasar nan sun daɗe da sanin dabarar: jerin duwatsu a gicciye, ko buhunan yashi, ko zana da aka kafe gindinta cikin ƙasa. Ruwa zai tsaya kaɗan, laka ta kwanta, ruwan ya wuce. In filin babba ne, a haƙa ɗan rami a can ƙasa inda ruwa zai huta kafin ya fita, a riƙa kwashe lakar bayan kowane ruwa mai ƙarfi, gama ramin da ya cika ba ya tare kome. A sama kuma a ja 'yar kunya ta karkatar da ruwan da ke gangarowa, don kada ya bi ta kan ƙasar da aka tona. Inda indararo zai zuba, a shimfiɗa duwatsu ko a yi daɓe, domin rufin kwano yana tara ruwan gida duka ya sako shi wuri ɗaya. Da an gama aiki a shuka ciyawa mai riƙe ƙasa, irin su jema da gamba da kiri-kiri, a dasa itatuwa kamar dogon yaro nesa kaɗan da harsashi.

Ɗan kwangilar hanya ko na rukunin gidaje nauyinsa ya fi haka. Shi ana bukatar injiniya ya zana masa shirin magudanun ruwa tun kafin katafila ta shiga, a yi aikin kashi-kashi, a gina kwalbati daidai da yawan ruwan da zai bi ta ciki, a kai ruwan har inda zai sauka lafiya. Lambatun da aka gina da kankare aka yanke shi a tsakiyar gangare ya fi rashinsa haɗari, domin a daidai inda ya ƙare nan kwari ke farawa. Ramin da aka ɗebi burji ko jar ƙasa kuma wajibi ne a gyara bakinsa ko a cike shi, kada a bar kududdufin da zai tara sauro, yara kuma su faɗa.

Gyaran kwari bayan ya girma aiki ne mai tsada ƙwarai. Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Kula da Muhalli tun 1981 domin irin wannan, daga baya kuma aka yi shirin NEWMAP da taimakon Bankin Duniya, wanda shirin ACReSAL ya biyo bayansa a jihohin Arewa, har da Bauchi. Amma kuɗin ba ya isa kowane kwari, kuma akan fara ne da waɗanda suka fi muni.

Wanda ya ga maƙwabcinsa ya juye yashi a lambatu, ko yana shirin gina katanga a kan hanyar ruwa, ya fara yi masa magana da lalama. In bai ji ba a kai wa mai unguwa, shi kuma ya kai wa dagaci ko hakimi, gama su ne suka san tsofaffin hanyoyin ruwa na gari tun filayen suna gonaki. In abin ya gagara a nan, sai a rubuta wa Hukumar Raya Birane ko BASEPA, a faɗi unguwa da layi da irin aikin da ake yi. An fi so a kai ƙarar tun gini yana matakin harsashi, cikin watan Maris ko Afrilu, domin jami'ai su sami zuwa su duba kafin ruwa ya sauka.