Ramar da Kan Biyo Bayan Gubar Jini

A kan ga ƙaƙƙarfan mutum, wanda da ya ke saɓa buhun gero shi kaɗai, ya yi jinyar mako biyu a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ya komo gida ko butar alwala ba ya iya ɗagawa. Sai jama'a su shiga zato, wani ya ce sammu ne, wani ya ce lalaci. Alhali kuwa al'amarin yana da sababi sananne.

Gubar jini, wadda likitoci ke kira safsis, ta kan samo asali daga ciwon huhu, ko na mafitsara, ko miki da ya ruɓe, ko zazzaɓin bayan haihuwa. Jiki kan tashi yaƙi da ƙwayoyin cuta, yaƙin ya ƙetare haddi, har ya taɓa ƙoda da huhu da zuciya. An ƙiyasta cewa a shekarar 2017 ta kama mutum kusan miliyan 49 a duniya, miliyan 11 suka rasu.

Amma ramar, misalinta kamar falke ne wanda ciniki ya tsaya masa, ya koma cin uwar kuɗi. Jiki kan narkar da tsokarsa domin ya sami guzurin yaƙi, kuma a kwanakin tsanani abinci kaɗai ba ya tsai da wannan. Doguwar kwanciya ta ƙara, jijiyoyi su yi rauni, har tsokar numfashi ta raunana. A 2013 likitoci a Landan suka auna wata tsokar cinyar masu tsananin ciwo, suka tarar ta ragu kusan kashi 18 cikin 100 cikin kwana goma.

Saboda haka abu biyu ya wajaba. Na farko gaggawa: wanda zazzaɓi ya haɗu masa da ruɗewar hankali, ko haki, ko ɗaukewar fitsari, a kai shi asibiti nan take. Na biyu haƙuri bayan sallama, domin ƙarfi kan ɗauki watanni, wani ma fiye da shekara, kafin ya komo. Kada a bar majinyaci kwance don tausayi. A zaunar da shi, a tsai da shi, a yi masa jagora taki kaɗan kullum, bisa shawarar likita. A ciyar da shi wake da ƙwai da nono da kifi. Salla kuwa, shari'a ta yardar masa ya yi ta a zaune. Abokan ciniki su jinkirta masa bashi.

Ciwo shi ke shiga farat ɗaya, sauƙi sai a hankali. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.