3.4 Miƙa Zaɓi da Sunansa ga Ayyukan Aji a Harshen PHP

A sashen da ya gabata an bayyana cewa aji tsari ne da ke tattara bayanai tare da ayyukan da ke sarrafa su. A nan za a duba yadda ake miƙa wa waɗannan ayyuka zaɓi, musamman idan gurabensu sun yi yawa.

A al'ada, PHP yana gane abin da aka miƙa ne ta wurin da ya zauna a layi. A ɗauka akwai aiki mai suna aika, mai gurabe huɗu: adireshi da take da gaggawa da kwafi. Mai son kwafi kaɗai dole ya cike duk guraben da ke gabansa:

(1) $wasika->aika($adireshi, '', false, true);

Mai karanta wannan layi ba zai san abin da true ke nufi ba sai ya koma cikin ajin. Saboda haka masu rubuta manhaja suka riƙa zuba zaɓin cikin jeri mai sunaye:

(2) $wasika->aika($adireshi, ['kwafi' => true]);

Dabarar ta karɓu har PHP 7.3 na shekarar 2018 ya yarda da ita a aikin setcookie. Sai dai tana da illa: idan aka rubuta 'kwapi' maimakon 'kwafi', harshen ba zai yi ƙorafi ba, wasiƙa za ta tafi babu kwafi, sai fa in marubucin ajin ya tanadi bincike da kansa.

PHP 8.0, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2020, ya kawo miƙawa da suna kai tsaye, bisa shawarar Nikita Popov:

(3) $wasika->aika($adireshi, kwafi: true);

A nan guraben da aka tsallake suna riƙe da ƙimarsu ta asali, sunan da babu shi kuwa yana tsayar da shirin nan take. Sharaɗi shi ne, abin da aka miƙa da suna ya biyo bayan wanda aka miƙa bisa jeri.

Abin lura shi ne, sunan gurbi ya zama alƙawari tsakanin marubucin aji da masu amfani da shi. Idan ƙaramin aji ya gaji aikin ya sauya kwafi zuwa wani suna, PHP ba zai hana ba, amma kira irin na misali na (3) zai rushe lokacin aiki. Don haka wannan bincike ya ɗauki hanya ta uku, tare da kiyaye sunayen gurabe a duk azuzuwan da suka yi gado.