Yaro Mai Tashi da Harshe Biyu

Yau zancenmu a kan bakin yara ne.

A ƙasarmu gidaje da yawa harshe biyu ake yi. Ga uba Bahaushe, ga uwa Bafillatana ko Babarbariya. In yaro ya yi jinkirin magana, sai ku ji ana cewa wai harsunan ne suka rikita shi, har a hana uwar yi masa nata. To, ku saurara: harshe biyu ba ya hana yaro magana. Tun yana jinjiri kunnensa ke rarrabe amon wannan harshe da na wancan.

Ga yadda bakin yaro ke buɗewa, ko da harshe ɗaya ya tashi ko da biyu. Wajen wata 6 yakan fara "ba-ba", "da-da". Wajen shekara 1 yakan faɗi kalmar fari. Wajen shekara 2 yakan haɗa kalma biyu, kamar "ba ni".

In za ku ƙidaya kalmominsa, ku haɗa na harsunan duka. Wanda ya san "ruwa" da Hausa, ya kuma san "kosam", wato nono, da Fillanci, kalma biyu gare shi. In ya cuɗanya su a magana ɗaya, kada ku tsawata masa. Da kansa zai ware su in ya ƙara wayo.

Abin tsoro shi ne kurunta. Yaron da ba ya ji ba zai koyi magana ba. Ciwon kunne mai zubar da mugunya, da sanƙarau, da ƙyanda, duk suna iya kashe kunne. Saboda haka ku kawo yaro wurin malamin asibiti in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ya kai wata 6 ba ya waiwayawa in an yi ƙara a bayansa.
2. Ya kai wata 18 bai faɗi kalma ko ɗaya ba, da kowane harshe.
3. Ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba.
4. Kunnensa yana ruwa.

Kada ku zauna kuna ɗora wa harshen uwa laifi har ciwo ya yi nisa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ke uwa, yi wa ɗanki hira da tatsuniya da harshen da kika fi iyawa. Kai ma uba haka. Ran da ya je wurin kakanninsa, sai ya gaishe su da bakinsu.

Allah ya raya mana su, amin.