Na'urar Numfashi Ba Ta Iya Tari

A cikin hanyoyin iskar huhu akwai wasu 'yan ƙananan gashi da ke tura kaki sama dare da rana, tari kuma ya ƙarasa fitar da shi. Da zarar an zura wa majiyyaci bututu a maƙogwaro, aka haɗa shi da na'urar numfashi, aka ba shi maganin barci, duka biyun sai su yi rauni. Kaki ya taru, wani ɓangaren huhu ya motse, ƙwayoyin cuta su samu mazauni. Nimoniyar da ta ɓullo bayan awa 48 da sa bututun, na'urar ake ɗora wa alhakinta.

A nan likitan fisiyo ke shigowa. Yakan lanƙwasa tafin hannu ya bubbuga ƙirji, ko ya dafa haƙarƙari ya jijjiga su daidai lokacin da iska ke fita, don kakin ya saki. Wani lokaci yakan cire majiyyacin daga na'urar, ya hura masa iska mai yawa da jakar roba a hankali, ya ɗan riƙe, sannan ya saki da sauri, kwaikwayon tari ke nan. Sai a zuƙe abin da ya taso da tiyo, ba tare da wuce daƙiƙa 15 ba, domin tiyon yana zuƙe iskar shaƙa tare da kakin. Mai karayar haƙarƙari ko wanda hawan jininsa ke tangal-tangal, ba a yi masa wannan da gaggawa.

Bubbugar ce ke ɗaukar ido, amma a ganina ita ce mai ƙarancin hujja a bincike. Yadda aka kwantar da mutum ya fi ta tasiri nesa ba kusa ba. Ɗaga kan gado zuwa digiri 30 ko 45 yana rage kwararar abin ciki zuwa huhu. A 2013 kuma Claude Guérin na birnin Lyon a Faransa da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwaji kan majiyyata 466 masu mummunan kumburin huhu: waɗanda aka riƙa kifawa rub da ciki aƙalla awa 16 a jere, kashi 16 cikin ɗari suka rasu cikin kwana 28, alhali a cikin waɗanda aka bari a rigingine kusan kashi 33 ne. Dalili kuwa, bayan huhu ya fi faɗi, shi kuma nauyin zuciya ke dannewa idan mutum yana rigingine.

Sai dai kifa mutumin da ke da bututu a wuya da allurai a jijiya aikin hannu da yawa ne, mutum huɗu ko biyar, ɗaya ba ya komai sai riƙe kai da bututun. Asibitin da ya sayi na'ura bai tanadi waɗannan hannayen ba, rabin aikin ya yi.