ALAMAR JIRAN UMARNI A KWAMFUTA: YADDA AKE GYARA TA DA ABIN DA KAN BIYO BAYA

Gabatarwa

Ɗaliban harshe da yawa sun fara amfani da Linux wajen ƙirga kalmomi da tace rubutu. Duk wanda ya buɗe baƙar tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni zai tarar da ɗan gajeren rubutu a farkon layi. Wannan ita ce alamar jiran umarni. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake gyara ta, da kuma illolin da gyaran kan jawo.

Asalin alamar

Manhajar da ke karɓar umarni a yawancin kwamfutocin Linux ita ce Bash. Brian Fox ne ya rubuta ta domin shirin GNU, kuma ta fito a 1989. Ta gaji tsarin wadda Stephen Bourne ya yi, wadda ta fito da Unix a 1979. Bash tana ajiye siffar alamar a wani gurbi mai suna PS1. Idan aka sa \u, sai sunan mai amfani ya fito. \h na nuna sunan kwamfuta, \w na nuna jakar da ake ciki, \t kuma lokaci. Misali, PS1='\u:\w\$ ' zai nuna suna da jaka. Domin gyaran ya dawwama, sai a rubuta shi a fayil ɗin .bashrc.

Illolin gyara

Ta farko ta shafi launi. Lambar \e[32m tana mayar da rubutu kore, amma ba ta cin wuri a kan allo. Bash kuwa tana ƙirga tsawon alamar domin ta san inda layi zai karye. In ba a kewaye lambar launin da \[ da \] ba, za ta ƙirga ta kamar haruffa. Sakamakon haka, dogon umarni zai hau kan kansa, kuma idan aka dawo da tsohon umarni sai rubutu ya cakuɗe. Haka nan, in aka manta da \e[0m a ƙarshe, launin zai bi duk abin da aka rubuta.

Ta biyu ta shafe mu kai-tsaye. A tsarin UTF-8, harafin k bayit 1 ne, amma ƙ da ɓ da ɗ kowannensu bayit 2 ne. Idan ɗalibi ya sa kalma kamar “ɗaki” a alamarsa, alhali ba a saita kwamfutar a kan UTF-8 ba, ƙirgar za ta kauce, harafin ma yana iya fitowa a gurɓace.

Ta uku ita ce ta alamar zance. Idan aka sa $(date) cikin alamar zance mai ƙafa biyu, Bash za ta karanta lokaci sau ɗaya tak, sa'ad da aka saita gurbin, ya tsaya cik. Mai ƙafa ɗaya ce ke sa a sabunta shi a kowane layi.

Ta huɗu ita ce nawa. Duk umarnin da aka cusa a alamar, sai ya gudana kafin sabon layi ya bayyana. Masu amfani da Git suna son ganin reshen da suke aiki a kai da halin da fayilolinsu ke ciki, amma a babban aiki wannan dubawar na sa a riƙa jira bayan kowane umarni.

Ta biyar ta fi sauran haɗari. Alamar \$ tana nuna $ ga mai amfani na yau da kullum, sannan ta koma # ga mai cikakken iko. Wanda ya cire ta don ado ya cire gargaɗi ke nan. Zai iya goge muhimman fayiloli ba tare da ya lura da ikon da ke hannunsa ba, kuma abin da umarnin rm ya goge ba ya zuwa kwandon shara.

Akwai kuma bambancin manhaja. Tun daga 2019 kamfanin Apple ya mayar da Zsh manhajar farko a macOS. Ita %n take amfani da shi a madadin \u, da %~ a madadin \w. Saboda haka, abin da aka kwafo daga Bash ba zai yi aiki yadda ake so a can ba.

Kammalawa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Kafin ka taɓa .bashrc, ka ajiye kwafinsa. Ka fara gwada sabuwar alamar a tagar da ka buɗe, domin in ta lalace, rufe tagar kawai zai mayar da komai yadda yake. Sai ka rubuta dogon umarni da ya wuce layi ɗaya, ka dawo da tsofaffi, ka ga ko rubutu ya zauna daidai. In ya zauna, sannan ka adana.