Lo-kod: Aikin Haɗin Gwiwa Tsakanin Gwanin Manhaja da Akawun Shago

A wannan ɗan rubutu ina so in yi wa 'yan'uwana ɗaliban harshe bayanin wata hanyar gina manhaja da Turawa ke kira lo-kod, wato gini ba tare da dogon rubutun umarnin kwamfuta ba. Kamfanin bincike na Forrester da ke Amurka ne ya yayata sunan a 2014. Maimakon gwani ya rubuta dubban layuka, sai a ba ma'aikaci akwatuna da maɓallai ya jajjawo ya jera, kamar mai jera kaya a kanta. Daga cikin irin waɗannan kayan aiki akwai Power Apps na Microsoft, wanda ya fito a 2016, da AppSheet da Google ya saya a 2020. Wanda ya fi kusa da mu shi ne ODK, da aka fara a 2008: a Excel ake tsara tambayoyinsa, kuma ma'aikatan lafiya sun yi aiki da shi a wayoyinsu lokacin yaƙi da shan-inna a Arewa.

To, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Mu ɗauki misalin wani dillalin hatsi a Kasuwar IBB ta Suleja, mai kai kaya Madalla da Abuja. Akawunsa yana iya haɗa 'yar manhajar rubuta ciniki da kansa, domin shi ya san kan kasuwa. Ya san mudu daban, tiya daban. Ya san bashi ba ajiya ba ne, kafin alƙalami ba cikakken biya ba ne, la'ada ta dillali ce, gyara kuwa kyauta ce ga mai saye, amma dole a cire ta daga buhu. Gwanin da bai taɓa zama a rumfa ba yana iya tattara waɗannan duka a akwati guda ya sa masa suna "saura". Ranar lissafi sai a nemi kuɗi a rasa, kuma yaron shago za a fara zargi.

Sai dai akawun ma ba ya iyawa shi kaɗai. Gwani ne ya san yadda za a hana kowa ganin bashin kowa, da inda za a adana bayanai idan waya ta ɓace, da yadda manhaja za ta ci gaba da aiki in babu intanet. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta ɗora nauyi a kan mai riƙe sunaye da lambobin mutane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suleja ma ta taɓa ganin irin wannan: a 1954, lokacin garin yana amsa sunan Abuja, Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew. Shi ya kawo sabuwar hanyar gashi, ita ta zo da gini da zanen da ta gada.

A ganina, aikinmu yana tsakanin mutanen nan biyu. Kafin a ja akwati ko ɗaya, sai an zauna an rubuta ɗan ƙamus na shagon: kowace kalma, ma'anarta, da wanda ke da ikon sauya abin da aka shigar a ƙarƙashinta. Sannan ga matsalar haruffa masu ƙugiya. Kwamfuta ba ta san Ɗanladi da Danladi mutum ɗaya ba ne. Idan akawu ya rubuta da ƙugiya, yaronsa ya rubuta babu, bashin mutum guda ya rabu gida biyu ke nan, kuma rabi zai iya salwanta. Maganinsa shi ne gwani ya sa lambar waya ta zama shaidar mai saye, mu kuma mu tsayar wa shagon ƙa'idar rubutu guda tun ranar farko.